Masai da rijiya: Gyaran da ya kamata Rimin Gado ta yi kafin damina

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo daga birnin Kano, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza, ya doshi Rimin Gado, zai lura da yadda fasalin gine-gine ya sauya a 'yan shekarun nan. Gidajen bulo da kwano suna ta maye gurbin ginin ƙasa da azara, kuma tare da su masai irin na zamani mai amfani da ruwa ya shigo ƙauyukan da a da ba su san komai ba sai shadda. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Sai dai kuma akwai wani ɓangare na wannan ci gaba da ba a son ambatonsa saboda kunya, wanda kuma shi ne ke fitowa fili da zarar ruwan watan Agusta ya sauka. A lokacin ne masai ke ƙin wucewa da ruwa, gindin katanga ya jiƙe, wari ya cika lungu, maƙwabta su fara kai ƙarar juna wurin mai unguwa.

Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da za a yi magana a kan wannan matsala ba tare da noƙe-noƙe ba, domin abin da ke cikinta ya wuce wari da ƙyanƙyami. Ya shafi ruwan da jama'a ke sha ne.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa Ƙaramar Hukumar Rimin Gado tana da mutane 104,790 a cikin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 225, wato fiye da mutum 460 a kowane murabba'in kilomita, kuma babu shakka adadin ya ƙaru ƙwarai daga wancan lokaci zuwa yau. Tun a shekarun 1960 masanin nan Michael Mortimore ya yi nazari a kan ƙasar noma da ke kewaye da birnin Kano, inda ya bayyana ta a matsayin ɗaya daga cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a wannan sashe na Afirka. A irin wannan wuri gona tana jikin gona, gida yana jikin gida, kuma gidaje da dama suna da rijiyarsu a tsakar gida. Saboda haka ramin masan da mutum ya haƙa a bayan ɗakinsa yana iya kasancewa taku goma kacal daga rijiyar da 'ya'yan maƙwabcinsa ke sha, katanga ce kawai ta raba su. Katanga kuwa tana tare ido ne, ba ta tare abin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa.

A watan Nuwamba na 2018 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan samar da ruwa da tsaftar muhalli, sannan a Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 009, wanda ya ɗibar wa Najeriya wa'adin shekarar 2025 ta kawo ƙarshen yin bahaya a fili. Wa'adin ya zo ya wuce ba a cimma burin ba. Binciken da Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya ta gudanar tare da asusun UNICEF a 2021 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 48 ne ke yin bahaya a fili a ƙasar nan. Maƙwabciyarmu Jigawa ta yi abin a zo a gani, inda a 2022 ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta rabu da wannan ɗabi'a. To amma duk wannan gangami ya fi karkata ne ga ƙirga yawan makewayin da aka gina. Ba kasafai ake komawa bayan shekara uku a tambayi ko makewayin yana aiki ba, ko kuma ina abin da ke cikinsa yake tafiya. Iyalin da masansu ya cika ya tumbatsa abu biyu ne suke yi: ko dai su koma bayan gari, ko su fasa katanga su saki ƙazantar cikin kwata. Kowanne suka zaɓa, an koma gidan jiya.

Kafin a yi batun gyara, ya kamata a fahimci yadda abin yake aiki, domin a nan ne kuskuren yake farawa. Abin da jama'a ke kira sokawe a haƙiƙa abubuwa biyu ne masu aiki daban-daban. Na farko tanki ne da ake ginawa da bulo, a shafe shi da siminti ciki da ƙasa yadda ba zai yi yoyo ba, akasari a raba shi ɗaki biyu. A cikinsa ƙazanta mai nauyi ke kwantawa a ƙasa, maiƙo ya taso sama, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su riƙa cinye abin da ya kwanta suna rage yawansa. Ruwan da ke tsakiya ne kaɗai ya kamata ya fita ta bututu zuwa abu na biyu, wato ramin tsotsewa, wanda ake ginawa da ƙofofi a jikinsa ko a cika shi da duwatsu domin ƙasa ta shanye ruwan a hankali. Ƙasar da ruwan ke ratsawa ita ce matata, ita ke kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta kafin ruwan ya isa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya zama ruwan dare a ƙauyukanmu shi ne a haɗe waɗannan abubuwa biyu a rami guda, a zurfafa shi iya ƙarfin mai haƙa, a rufe da kankare ba tare da barin ƙofar dubawa ba. Maigida yana murna ya rage kuɗin bulo da siminti, magini kuma yana tabbatar masa da cewa ramin ba zai cika ba har jikokinsa. Araha ba ta ado. A irin wannan rami ƙazanta da maiƙo suna liƙe jikin ƙasa kai-tsaye, su toshe ƙofofin da ruwa ke bi, ramin ya zama tamkar randa. Idan kuma zurfin ya kai ga ruwan ƙasa, to an kawar da matatar gaba ɗaya, an haɗa masai da rijiya.

Gano inda matsala take ba ya buƙatar injiniya, yana buƙatar natsuwa da bin abu daki-daki. Idan gida yana da makewayi fiye da ɗaya, guda ne kaɗai ke ƙin wucewa, to toshewar tana cikin bututun wannan makewayin ne, ba a tanki ba. A buɗe ɗan akwatin dubawa da ke tsakanin makewayi da tanki, wanda magina ke kira cemba, a zuba bokitin ruwa a makewayin a gani. Idan ruwan bai iso cemba ba, toshewar tana sama da ita. Idan cemba ta cika amma ruwan tanki yana daidai inda ya saba tsayawa, toshewar tana tsakanin cemba da bakin tanki. Waɗannan biyun su ne masu sauƙi, domin zura sandar gyaran bututu ko doguwar waya yakan warware su. Abin da aka fi cirowa kuwa shi ne leda da tsumma da ƙunzugun jarirai na zamani da audugar mata, waɗanda ba sa ruɓewa ko sun shekara nawa.

Idan aka ɗaga murfin tanki aka tarar ruwa ya haura bututun fita, to ko dai bututun fitar ya toshe, ko ramin tsotsewa ya daina shan ruwa. A nan sai a auna abin da ya kwanta. A sami doguwar gora, a naɗe ƙasanta da farin tsumma, a zura ta har ƙasan tanki, a bar ta 'yan mintoci sannan a zaro. Baƙin da ya kama tsumman shi zai nuna tudun abin da ya taru. Idan ya kusa rabin zurfin ruwan, lokacin yashewa ya yi, kuma ga gida mai matsakaicin iyali hakan yakan zo ne tsakanin shekara biyu zuwa biyar. Wanda ya yashe tankinsa amma ya sake tumbatsa cikin 'yan makonni, ya sani cewa ramin tsotsewarsa ya mutu, kuma sake kiran masu yashewa asarar kuɗi ce.

Lokacin da matsalar ke tasowa ma yana ba da labari. Masan da ke aiki lafiya lau da rani amma ya ƙi wucewa a watannin Agusta da Satumba, ruwan ƙasa ne ya taso ya cika ramin, ko kuma ruwan indararo da na tsakar gida ne ke kwarara cikinsa. Wannan ya fi faruwa a gidajen da ke kusa da fadama ko kududdufi, da kuma inda ƙasa take da laka. Ciyawa kore shar ko danshi a saman rami a tsakiyar rani alama ce ta cewa ruwan yana tasowa sama maimakon ya nutse. Ƙarar gulgul a makewayi da wari a cikin gida sukan nuna cewa bututun fitar da iska ya toshe, ko ma ba a sa shi ba tun farko. Akwai kuma alamar da ta fi kowace haɗari, wadda maigida ke ɗauka abin farin ciki ce: tankin da ruwansa bai taɓa kaiwa bututun fita ba duk da ana amfani da shi kullum. Irin wannan tanki ya tsage ne, yana tsiyaya cikin ƙasa ba tare da kowa ya sani ba.

Maganin da aka saba yi wa ramin da ya daina shan ruwa shi ne a ƙara masa zurfi, kuma wannan ne kuskuren da muke so a daina. Ƙa'idar da masana tsaftar muhalli suka amince da ita ita ce ƙasan rami ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa, sannan ramin ya nisanci rijiya da kimanin mita 30, ya kuma kasance a gangare da ita. Maigida zai iya sanin inda ruwan ƙasa ke kaiwa ta hanyar auna rijiyar unguwarsu a ƙarshen damina, lokacin da ta fi cika. Inda ruwan ke kusa, abin da ya dace shi ne a faɗaɗa maimakon a zurfafa: a ja dogayen ramuka marasa zurfi, a shimfiɗa tsakuwa, a ɗora bututu mai huji-huji, a rufe da ƙasa. Kafin a haƙa sabon wuri, a gwada ƙasar da ɗan rami mai faɗin ƙafa guda, a cika shi da ruwa a bar shi ya kwana, washegari a sake cikawa. Idan ruwan ya wuni bai ragu ba, wurin bai dace ba. Idan kuma ya ɓace cikin ƙiftawar ido, ƙasar ba za ta tace komai ba, sai a ƙara nisanta daga rijiya.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne amma suna tsawaita rayuwar rami. A sa mahaɗin bututu mai baki uku a mafitar tanki domin ya hana maiƙo bin ruwa. A raba ruwan wanka da wanki da wanke-wanke, a yi masa nasa ɗan ramin tsakuwa daban, domin shi ne mafi yawa kuma sabulu da maiƙon da ke cikinsa ke saurin toshe ƙasa. A kawar da ruwan indararo daga wajen. A nisanta darbejiya da sauran manyan itatuwa, saboda saiwarsu tana bin danshi har ta fasa bututu. Kada a ajiye mota ko a ɗaure shanu a kan murfi. Idan an yashe tanki a bar ɗan kaɗan a ƙasa domin ya zama iri ga ƙwayoyin da ke aikin ruɓarwa. Sannan a daina zuba baƙin mai da kananzir da ruwan batir da sunan za su cinye ƙazanta. Ba sa cinye komai, suna kashe ƙwayoyin da ke yin aikin ne, kuma daga ƙarshe su ma rijiya suke nufa.

Dole mu ja kunne a kan shiga rami. Ruɓewar ƙazanta tana haifar da iska mai guba wadda ke iya sumar da ƙato cikin daƙiƙoƙi, da kuma wata mai kama wuta, don haka leƙa rami da ashana ko fitilar kananzir ganganci ne. Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ta sha ba da sanarwar ciro gawarwaki daga rijiyoyi da ramukan masai, kuma sau da yawa a irin wannan haɗari wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Babu wayar salula ko kuɗin da ya faɗa masai da ya kai ran mutum.

Tarihi ya riga ya nuna abin da ke biyo bayan haɗuwar masai da ruwan sha. A shekarar 1854 cutar kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a wata unguwa ta birnin Landan, inda likita John Snow ya gano cewa waɗanda suka kamu daga famfo guda suke ɗiban ruwa. Da aka tona, sai aka tarar rijiyar famfon ba ta kai mita ɗaya ba daga wani tsohon ramin ƙazanta da ke yoyo. A gida kuwa, Kano ta sha fama da annobar amai da gudawa a 1996 da 2001, sannan a 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa tare da Bauchi da Jigawa da Zamfara. Zazzaɓin taifot da gudawar yara da ke cika asibitocin karkara kowace damina su ma ta wannan hanya suke bi.

Wasu za su ce talakan da ke fama da kuɗin taki da abincin iyali ba shi da halin gina tanki mai ɗaki biyu, kuma fili mai mita 30 ba kowane gida ke da shi ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa bai kamata a ɗauki masai mai jan ruwa a matsayin abin da kowa zai yi ba. Gidan da ake sayen ruwa a jarka ko a ɗebo daga rijiyar burtsatse mai nisa, shadda mai bututun iska, irin wadda aka ƙirƙiro a Zimbabuwe a shekarun 1970, ta fi masa amfani, domin ba ta buƙatar ruwa kuma tana rage wari da ƙuda. Akwai kuma tsarin tagwayen ramuka marasa zurfi da ya yaɗu a Indiya, inda ake amfani da ɗaya har ya cika, a rufe shi a koma ɗayan. Bayan kimanin shekara biyu abin da ke cikin na farko ya bushe ya zama taki da za a kwashe ba tare da haɗari mai yawa ba. Manoman ƙasar Kano, waɗanda suka gaji sanin darajar taki kaka da kakanni, ba sa buƙatar dogon bayani a kan amfanin wannan. Inda kuma fili ya yi ƙaranci har babu yadda za a nisanta rami da rijiya, gaskiyar magana ita ce a daina shan wannan rijiya, a bar ta ga wanki da shayar da shuka.

Nauyin wannan aiki ba a kan magidanta kaɗai yake ba. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin samar da makewayin jama'a da kawar da ƙazanta da shara, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 ya ce a riƙa ba su kuɗinsu kai-tsaye. Kano kuma ita ce mazaunin Makarantar Koyon Tsafta, wadda tun zamanin Turawa take yaye duba-gari. Dattawanmu suna tuna lokacin da duba-gari ke shiga gida ya leƙa randa da shadda, kowa yana shakkarsa. Abin da ake buƙata a yau shi ne duba-garin da zai zo tun kafin a sa diga a ƙasa, ya auna tazarar rami da rijiyar gidan da ta maƙwabta, ya ba da shawara, maimakon wanda zai zo bayan ɓarna ta auku ya yanka tara.

Saboda haka muna kira ga Ƙaramar Hukumar Rimin Gado da ta yi amfani da watannin rani ta sa jami'anta na lafiyar muhalli su zagaya mazaɓunta, daga Gulu zuwa Jili, daga Butu-Butu zuwa Karofin Yashi, tare da dagatai da masu unguwanni, su rubuta gidajen da raminsu ke kusa da rijiya, a fara da waɗanda ke kusa da rijiyoyin da jama'a da yawa ke sha. Muna kira ga hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jihar, RUWASA, da ta shirya wa maginan yankin horo na 'yan kwanaki, domin magini ɗaya da ya fahimci bambancin tanki da ramin tsotsewa zai gyara gidaje masu yawa a tsawon sana'arsa. Haka kuma a keɓe wuri nesa da gari da rafi inda za a riƙa zubar da abin da aka yashe ya bushe kafin ya shiga gona, a kuma yi wa masu sana'ar yashe masai, waɗanda ake wa laƙabi da gidan kowa da akwai, rajista tare da ba su safar hannu da takalma da horo. Aikinsu ne ke kare lafiyar kowa, amma su ne aka fi wulaƙantawa. Makarantu da masallatai da kasuwanni, inda rami ɗaya ke ɗaukar ɗaruruwan mutane, su ya kamata a fara dubawa.

Ga magidanta kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Rani ne lokacin ɗaga murfi a auna, a yashe, a raba ruwan wanka, a gyara tsagewa, tun ƙasa tana bushe kuma ramin ba zai rufta ba. Kafin ka haƙa sabon rami, ka leƙa gidan maƙwabcinka ka tambaye shi inda rijiyarsa take. Hausawa sun ce tsafta cikon addini ce, kuma haƙƙin maƙwabci yana cikin abin da kowa zai amsa tambaya a kansa.